Choripan da chivito a Tarauni

Wanda aiki ke hana shi komawa gida da rana a Kano ya san abin da ke jiransa bayan Azahar: garau-garau, ɗanwake, taliya da manja, awara, gurasa, in kuma albashi bai daɗe da shiga ba a leƙa wajen masu shawarma. Ni malamin aikin gona ne a wata sakandare, cikin waɗannan nake zagayawa shekara da shekaru, kuma ban raina ko ɗaya ba. To yanzu an samu ƙari a unguwarmu, Tarauni. Wani ɗan shago da a da ake cajin waya a ciki, an yi masa fenti ruwan ɗorawa, an kafa rumfar kwano a gabansa da tebur uku da bencina, an rubuta a allo cewa ana sayar da burodi da nama irin na Kudancin Amurka. Yaran layin har sun raɗa masa suna, shagon ɗan Birazil.

Ba ɗan Birazil ba ne. Bakano ne haifaffen cikin badala, bai kai shekara 40 ba, mai fara'a, amma ba ya magana sai an tambaye shi. Ranar Laraba da aka tashi daga makaranta na ja abokin aikina, malamin lissafi, muka yi Azahar a masallacin bakin titi muka ƙarasa. Shi mutum ne mai kula da abin da zai shiga cikinsa, don haka ko zama bai yi ba ya fara da tambayar da ta kamata.

"Sannu da aiki, ɗan'uwa. Kafin komai, naman nan na mene ne, kuma wa ya yanka?"

"Yallaɓai, gara da ka tambaya," in ji mai shagon. "Sa ne da rago, daga abbatuwa nake ɗaukowa da hannuna kullum da sassafe. Ni kaina ai yanka ne ya kai ni Birazil."

Wannan amsa ta sa na gyara zama. Birazil ce kan gaba a duniya wajen fitar da naman kaza, kuma kaso mai tsoka ƙasashen Musulmi yake tafiya, Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da maƙwabtansu. Alhazanmu da yawa sun ci kazar Birazil a Makka ba tare da sun duba kwalinta ba. Tunda sai Musulmi ya yanka kafin a buga mata hatimin halal, manyan mayankan kudancin ƙasar suna ɗaukar Musulmi baƙi aiki, 'yan Senegal da 'yan Bangladash da wasunsu. Cikinsu mai shagon ya yi shekarunsa, a jihar Rio Grande do Sul, wadda ta yi iyaka da Yurugwai da Ajantina. Ya ce aiki ne na tsayuwa, wuƙa a hannu, bisimilla a baki, kaji na wucewa a rataye ba ƙaƙƙautawa. Abin da ya rage masa kewar gida shi ne mutanen yankin masu kiwon shanu ne tun kaka da kakanni, ranar Lahadi duk inda ka juya hayaƙin gashi ne. Sai ya sayi namansa na halal ya tsaya kusa da maƙwabta yana kallon yadda suke sarrafa wuta. A nan ya koya.

Abu uku ne kacal a allon: choripan, chivito da arepa. Na ji daɗin haka. Shagon da mutum ɗaya da yaronsa ke riƙe da shi, in ka ga ya jera abinci kala 20, to yawancinsu kwanan firji ne.

Ni choripan na zaɓa. A Ajantina abincin titi ne, a bakin filin ƙwallo ake sayar da shi, ana ci a tsaye. Sosej ne mai kauri, a gasa shi a garwashi, in ya kusa nuna a tsaga shi biyu ta tsawonsa a sake kifa shi a kan wuta, sannan a sa cikin burodi mai ɓawo. A can da naman alade ake haɗa sosej ɗin, ko zalla ko a gauraya da na sa, kuma mai shagon da bakinsa ya faɗa mana haka kafin mu ji a wani wuri. Nasa kuwa niƙaƙƙen naman sa ne da kitsen rago, da tafarnuwa, garin busasshen tattasai, masoro da gishiri, ya ɗura a hanjin rago da aka wanke tas, ya bar shi ya kwana kayan haɗin su ratsa. Da na gatsa sai da fatar ta yi ƙara, romon ya fito da zafinsa, ga ƙamshin garwashi. Naman ba a niƙe shi lilis ba, haƙori yana samun abin taunawa. Wannan kaɗai ya bambanta shi da jan sosej ɗin leda da ake cusawa a shawarma, wanda ba ka iya cewa ga dabbar da ya fito daga jikinta.

Amma abin da ya sa na zauna rubuta wannan ba naman ba ne, koriyar miyar da ake zubawa a kansa ce, wadda suke kira chimichurri. Ba a ɗora ta a wuta. Ganyen fasili ne ɗanye, a yanka shi ƙanana-ƙanana da wuƙa, a haɗa da ɗanyar tafarnuwa, busasshen ganyen origano, ɗan barkono, gishiri, ruwan khal da mai, a rufe a bar shi ya jiƙu. Ya ce in aka markaɗa a inji ganyen yana yin ɗaci kuma launinsa ya mutu, shi ya sa yake zama da wuƙa. Fasilin daga 'Yankaba yake sayowa. Man zaitun ya yi tsada, don haka rabi da rabi yake yi da man gyaɗa, kuma bai ɓoye wannan ba shi ma.

Mu Kanawa mun san tsami, muna kuma son sa. Yana cikin kunun tsamiya, yana cikin koko da fura da zoɓo, yana cikin miyar yakuwa. Sai dai ba mu saba haɗa shi da gasasshen nama ba. Namanmu da busasshen yaji yake tafiya, ƙamshin ƙuli da citta da kanumfari, sai albasa da tumatir a gefe. Shi ya sa lomar farko ta zo wa harshena a baƙuwa. A ta biyu na gane aikin da tsamin ke yi: yana yanke maiƙon kitsen, ya bar bakinka a wanke, sai ka ji loma ta gaba sabuwa ce. Wanda ya taɓa cin balangu mai kitse da tsakar rana ya koma aji ya san nauyin da ke biyo baya. Wannan na cinye shi tas, na tashi jikina sakayau.

Abokina chivito ya karɓa, wanda shi ne abincin da 'yan Yurugwai ke tinƙaho da shi. A garin Punta del Este da ke bakin teku aka fara yin sa a shekarun 1940. Naman gadon bayan sa ne mai laushi, a yanka shi fale-fale a buga, a gasa a kan faifan ƙarfe, a ɗora cuku ya narke, sai soyayyen ƙwai, tumatir, latas, 'ya'yan zaitun da ɗan mayonis. Na asali yana ɗauke da naman alade iri biyu, wanda aikinsu shi ne kawo gishiri da ɗan ƙaras-ƙaras. A nan ne mutumin ya burge ni ƙwarai. Bai cire su kawai ya bar gurbi ba, sai ya tambayi kansa me muke da shi a Kano da zai yi wannan aiki, ya samu amsa a kilishi. Siririn kilishi marar yaji sosai, ya ɗan ɗumama shi a kan faifan har ya saki mansa, ya shimfiɗa tsakanin cukun da ƙwan. Malamin lissafi ya yi shiru yana ci, can ya ɗago ya ce, "Malam, wannan yaron ya san abin da yake yi." Ya yago mini gefe na ɗanɗana, na yarda da shi.

Ba komai ne ya yi daidai ba. Burodin chivito bai iya ɗaukar kayan da aka loda masa ba, kafin a kai rabi ƙasansa ya jiƙe ya fara rabewa, sai da aka ƙarasa da cokali mai yatsu. Burodinmu na Kano mai laushi ne mai sukari, an yi shi ne don shayi. Ya ce ya samu wani gidan burodi da ke yi masa marar sukari, amma har yanzu ɓawon bai kai yadda yake so ba, wata rana ya yi, wata rana ya ƙi. Sai jira: mun kusa rabin awa kafin abinci ya iso, domin komai sai ka yi oda yake ɗorawa. Ga ma'aikacin da aka ba hutun minti 30, wannan matsala ce. Kuɗin ma ba na kullum ba ne ga mai albashin koyarwa. Choripan naira 3,000, chivito 6,500, arepa 2,500. Na duba naman da ke ciki, na san farashin kilo a kasuwa, ban ga zalunci ba. Amma kuɗin chivito ɗaya zai ciyar da mutum uku a wajen mai garau-garau har su sha ruwan leda, kuma unguwa irin tamu da wannan ma'auni take auna abinci.

Arepa na sa aka ƙunshe mini na kai gida. Wannan asalinta ba kudancin Birazil ba ne, abincin Benezuwela da Kolombiya ne. Ya koya wurin abokan aikinsa 'yan Benezuwela, cikin mutum sama da miliyan 7 da taɓarɓarewar tattalin arziki ta fitar daga ƙasarsu. Ƙullin masara ne mai kauri, a mulmula a faɗaɗa a gasa, a tsaga gefe a cusa haɗi. Tun 1960 da aka fito da garin Harina P.A.N., wanda an riga an turara shi a masana'anta, da shi kusan kowa ke yi a can. A Kano babu shi, don haka ya koma hanyar kakanninsu: a surfa farar masara a turmi, a dafa tsakin, a niƙa a cuɗa. Wata dattijuwa a layin ke yi masa surfen. Wadda na saya mai haɗin kaza da fiya ce, wadda 'yan Benezuwela suka sa wa suna don karrama Susana Duijm, 'yar ƙasarsu da ta ci gasar sarauniyar kyau ta duniya a 1955. Uwargida ta gutsura ta tauna a hankali, ta ce, "Malam, wannan ai kamar tuwon masara ne aka gasa aka yi masa ɓawo." Ta ɗauko yajin tafarnuwarta ta barbaɗa, ita da yara suka cinye. Ta ce a gaya masa fiyar ta yi, amma kazar tana son a ƙara mata gishiri.

Da nake zaune a rumfar ina kallon kayan da ke kan teburinsa, darasin da nake koya wa 'yan aji ɗaya duk shekara ya dawo mini. Rabin abin da muke kira kayan miyarmu daga nahiyar Kudancin Amurka suka fito. Gyaɗa asalinta yankin Bolibiya da Faragwai da arewacin Ajantina ne. Rogo daga Birazil jiragen 'yan Fotugal suka kawo shi gaɓar Afirka a ƙarni na 16, ga shi yau babu ƙasar da ta kai Najeriya noma shi. Attaruhu daga dazukan Amazon. Kakannin tumatir a tsaunukan Andes suke fitowa da kansu, haka dankalin Turawa da ake nomawa a Jos daga Peru da Bolibiya ya taso. Abarba da yazawa duk daga can. Masara ce kawai ta fito daga arewa kaɗan, Meziko. Kafin zuwansu da masoro da kimba da citta kakanninmu ke yaji, gurjiya kuma ita ce tamu ta asali.

A duba gyaɗa kaɗai. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cikin 'yan shekaru gyaɗa ta zama dukiyar garin, Alhassan Ɗantata da sauran attajirai suka gina arzikinsu a kanta, dalar gyaɗa ta zama hoton da duniya ta san Kano da shi, har fari na shekarun 1970 da cutar da ta afka wa gonakin gyaɗa a 1975 suka durƙusar da harkar. Ƙuli-ƙuli, man gyaɗa, yajin tsire, kunun gyaɗa, haɗin kilishi: cire wannan tsiro na Kudancin Amurka, ka ga abin da zai rage a tukubar mai nama. Kilishin da ya sa a chivito, gyaɗar da aka shafe shi da ita komawa ta yi cikin abincin nahiyarta.

Jiragen da suka kawo tsirrai kuwa ba a wofi suka koma ba, mutane suka ɗauka, kuma har da namu. Wannan bai kamata a faɗe shi da sauri ba. A farkon ƙarni na 19, lokacin yaƙe-yaƙen jihadi da suka fara a 1804, an kama Hausawa da yawa daga ɓangarorin biyu, aka yi ta sayar da su hannu zuwa hannu har bakin teku, aka tsallaka da su Bahia a arewa maso gabashin Birazil, gonakin rake. Ba su kwanta ba. A 1807 an bankaɗo shirin tawayen da Hausawa suka ƙulla a birnin Salvador, sun sake tashi a 1809 da 1814. A watan Janairun 1835, cikin kwanakin ƙarshe na azumi, Musulmi bayi da 'yantattu, yawancinsu Yarbawa tare da wasu Hausawa, suka fito titunan Salvador cikin fararen riguna. An murƙushe su a dare ɗaya, aka samu layu da takardu masu rubutun Larabci a jikin waɗanda suka faɗi. Sai a 1888 Birazil ta haramta bauta, ita ce ta ƙarshe a nahiyoyin Amurka. Wasu daga cikin waɗanda suka samu 'yanci sun dawo Legas, zuriyarsu na nan har yau a tsibirin.

Na tambayi mai shagon ko ya ga wata alama ta wannan a can. Ya ce bai taka Bahia ba, tana da nisa ƙwarai daga inda ya zauna. Amma wata rana a Sao Paulo ya ga wata mata 'yar Bahia cikin fararen kaya da ɗankwali, tana zaune gaban kasko tana suya. Ya matsa ya duba, ƙosai ne. Wake ne aka surfa aka markaɗa da albasa, ana soyawa a manja, manya-manya, a tsaga a cusa haɗin kuɓewa da busasshen jatan lande da barkono. Sunansa acarajé. Ya ce ya daɗe a tsaye a wurin kafin ya iya tafiya.

To ga inda damuwata take. Muna nan zaune wasu samari biyu suka zo, suka ce a ba su choripan, ɗayan ya ce, "Oga, a zuba bama da yawa, a sa kabeji." Mai shagon ya ce, "Abokina, ɗanɗana haka tukuna, in bai yi maka ba sai in zuba." Ɗaya ya ɗanɗana ya gyaɗa kai, ɗayan ya dage, aka ba shi a ɗan kofi a gefe. Na ga abin da zai riƙa fuskanta kullum ke nan, kuma na san yadda irin wannan ke ƙarewa, don mun gani a shawarma. Wanda ya ci ta a Saudiyya ko a gidan Kwarorin da suka daɗe a Kano ya san nama ce da miyar tafarnuwa ko ta riɗi da ɗan abu mai tsami. Tamu ta bakin titi yanzu mayonis ce da jan tumatirin kwalba mai zaƙi da kabeji, naman sai ka nema. Ba ɗanɗanonmu ne ya jawo haka ba, tsadar nama ce, mayonis kuma tana rufe ƙarancinsa.

Ba ina cewa kada a taɓa abincin baƙi ba ne. Kano ba ta taɓa karɓar abu ta bar shi yadda ya zo ba, shi ya sa ake mata kirari da ko da me ka zo an fi ka. Gurasa Larabawa fatake ne da suka zauna a cikin birni suka kawo ta. Matan cikin gari suka karɓa, suka gasa a tanderu, wani mai basira ya yayyafa mata ruwa ya barbaɗa garin ƙuli da yaji, ya zuba man gyaɗa da albasa, bandashe ta fito. Yau ba wanda zai ce gurasa ba ta Kano ba ce. Wannan canji ne na wanda ya fahimci abin da ke hannunsa ya ƙara masa daraja, kuma kilishi a chivito daga wannan gidan ya fito. Zuba mayonis a kan chimichurri kuwa kashe abu ɗaya ne da ya sa abincin ya cancanci a taso a zo ci. In tsamin nan da ɗanyen ganyen suka tafi, abin da ya rage burodi da sosej ne, ana samunsu a ko'ina.

Na faɗa wa mai shagon haka da zan biya kuɗi. Ya ce, "Baba malam, ina ƙoƙari, amma haya ba ta jira." Gaskiyarsa ce, ban da amsar da zan ba shi, sai dai in riƙa zuwa in kuma gaya wa mutane. Na ba shi shawara ɗaya, ya gwada ƙaramin choripan a rabin kuɗi saboda 'yan makaranta da masu adaidaita sahu, don su ne masu cin abincin rana a layin, kuma in bakinsu ya saba da koriyar miyar tun yanzu ba za su nemi a rufe ta ba. Ya ce zai lissafa ya gani. Shi kuma burinsa ya ƙara ƙosan Bahia a allon. Ya yi wa mai ƙosan bakin layi magana ta riƙa soya masa manya a manja, ta ce cinikin safe ya ishe ta, don haka yana neman wata.

Ranar Juma'a sai an sauko daga masallaci yake buɗewa, Lahadi kuma ba ya fitowa. Mata suna zuwa, amma yawanci ƙunshewa suke yi su tafi, don rumfar a buɗe take a bakin hanya. Ya ce yana son ya sa labule ya ware tebur ɗaya. In za ka je, ka isa kafin ƙarfe 2:30, domin sosej ɗin na yini ɗaya yake ɗurawa, in ya ƙare sai gobe. Ka fara da choripan, ka ce a cika maka chimichurri, in kana son yaji ka karɓa a takarda a gefe.